Yoga, Pilates ko tafiyar ƙafa: wanne kwankwaso yake so?

Yayata malamar firamare ce a Tudun Wada ta Kaduna, 'ya'yanta biyar, shekarunta arba'in da 'yan kai. Shekara biyu ke nan kwankwaso yana damunta, irin ciwon nan da ba ya kwantar da mutum, ba ya kuma barinsa ya sake. Ta sha magani, ta shafa man zafi har warinsa ya kama zannuwanta. Daga baya aka yi hoto, likita ya duba ya ce bai ga abin tashin hankali ba. Shawarar da ya ba ta ita ce ta rage zama, ta ƙarfafa tsokokin ciki da na baya, amma ban da tsalle-tsalle saboda gwiwarta. Tana dawowa gida da wannan magana aka yi mata caa. 'Yarta ta buɗe mata bidiyon yoga a waya. Wata maƙwabciya ta ce yoga bautar Indiyawa ce, ta rufa wa kanta asiri. Abokiyar aikinta da ke zuwa gidan motsa jiki a Barnawa ta ce ai yanzu Pilates ake yayi. Maigidanta kuwa ya ce duk iyayi ne, ta nemo turmi da taɓarya ta riƙa daka kamar yadda iyayenmu suka yi.

Sai ta kira ni. "Kai da ba ka rabuwa da karance-karance, wanne zan yi?" Na ce, "Yaya, ba ni kwana biyu." Kwana biyun nan sai da ya zarce wata.

Tambayar farko da ya kamata a warware ita ce, me ma ake son ƙarfafawa? Yawancinmu da an ce tsokar ciki, hankalinmu yana tafiya kan layukan nan da ke fitowa a cikin 'yan dambe da 'yan ƙwallo. Wannan tsoka tana sahun gaba, aikinta lanƙwasa mutum ya duƙa. Abin da likitocin fisiyo, waɗanda muke kira masu gashin ƙashi a asibiti, suke nufi da tsakiyar jiki ya fi haka zurfi. A ɗauki ganga a matsayin misali. Fatar sama ita ce shimfiɗaɗɗiyar tsokar da ke ƙarƙashin huhu, wadda ke sauka duk lokacin da aka shaƙi iska. Fatar ƙasa ita ce tsokokin ƙasan mara, masu tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura. Jikin gangar kuwa wata tsoka ce da ta zagaye ciki kamar ɗamara, tana can ƙarƙashin sauran, sai tsokokin ƙwiɓi, sai kuma wasu ƙanana da ke manne da ƙashin baya gaɓa-gaɓa. Mazaunai ma suna cikin lissafi, domin idan suka yi lalaci kwankwaso ne ke ɗaukar aikinsu.

Babban aikin waɗannan tsokoki shi ne riƙewa. Duba mai tallar nono da ta ɗora ƙwarya uku a ka, tana tsallake kwata a Kawo ba tare da ta kai hannu sama ba. Duba mai tura baro a Kasuwar Gumi idan tayar ta faɗa rami, jikinsa ya ƙame na ɗan lokaci har ya daidaita kayan. Abin da ya hana ƙashin bayansu karkacewa a wannan daƙiƙar, shi ake nufi. Ba a ganinsa a madubi.

Nan ne kuma ya kamata a raba gardama da masu neman maganin tumbi. Babu wani atisaye da ke narkar da kitsen wuri guda. Mutum zai iya yin tsakiyar jiki mai ƙarfi kamar ta ɗan kokawa, teɓarsa kuma tana nan daram, domin kitse yana raguwa ne daga jiki gaba ɗaya, ta hanyar abin da ake ci da yawan ƙarfin da ake ƙonawa. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan tarko. Wani mai horarwa a wani gidan motsa jiki ya sa ni kwanta-tashi ɗari kullum, wai cikin wata guda tumbina zai ɓace. Tumbin bai je ko'ina ba, wuyana ne ya sanƙare, na yi mako guda ina juyawa da dukan jiki idan an kira sunana.

Shi kuma motsa jiki marar jijjiga gaɓoɓi, ma'anarsa babu tsalle babu dirowa. Mai gudu, duk takun da ya yi, ƙafarsa tana karɓar nauyin jikinsa ninki biyu zuwa uku. Ga mai ciwon gwiwa, ko mai ƙiba, ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, wannan ya yi yawa. Amma kada a ɗauka rashin jijjiga yana nufin sauƙi. Wanda ya dogara a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar katako, na tsawon daƙiƙa talatin kacal, zai ba da labari.

Abin da yoga take, da abin da ake tsoro a cikinta

Kalmar yoga daga harshen Sanskirit take, tsohon harshen Indiya, kuma tushenta yana nufin haɗawa, irin yadda karkiya ke haɗa shanun noma biyu. A asalinta tafarki ne na ruhi a addinan Indiya, musamman Hindu: zama, sarrafa numfashi, tattara hankali. Jerin miƙe-miƙe da lanƙwashe-lanƙwashen da muke gani a waya yau, yawancinsa a ƙarni na 20 ya ɗauki wannan siffa. Wani malami mai suna Krishnamacharya ya koyar a fadar Mysore da ke kudancin Indiya a shekarun 1930, ɗalibansa irin su Iyengar da Pattabhi Jois suka yaɗa abin zuwa Turai da Amurka. A ƙarshen 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, bayan Firaministan Indiya Narendra Modi ya gabatar da buƙatar.

Saboda haka maƙwabciyar Yaya ba ƙarya ta yi ba, sai dai ta faɗi rabin magana. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin yogar da ta ƙunshi rera kalmomin bauta. A farkon 2009 majalisar malaman Indonesiya ta bi sahu, amma ta bambanta: wadda ke da al'adun bautar Hindu ta haramta, wadda motsa jiki ce zalla ba a hana ba. Saudiyya kuwa ta amince da koyar da yoga a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Ba Musulmi kaɗai abin ya dama ba, akwai limaman coci a ƙasashe da dama da suka ja kunnen mabiyansu a kai, don haka tambayar da ake yi a Rigasa ana yin irinta a Sabon Tasha. Abubuwan da aka fi nunawa da yatsa su ne rera kalmar "om", haɗa tafin hannu a sunkuya, da wani jerin motsi da sunansa ma yake nufin gaisuwa ga rana.

Hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da zan iya ƙarawa ta fuskar jiki shi ne, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba babu dalilin da zai sa ya tilasta wa kansa. Duk wani motsi da ke ƙarfafa tsakiyar jiki a cikin yoga, akwai shi a wajen likitocin fisiyo da wani suna, babu rera komai, babu fuskantar rana. Wanda kuma yake yi yana ɗar-ɗar, da wuya ya kai mako uku.

Wasu kuma sukan ce ai salla ma ta wadatar, ga ruku'u ga sujada. Gaskiya ne mai salla biyar yana motsa gwiwa da ƙugu da baya fiye da wanda ya wuni a kujera, kuma wannan alheri ne. Sai dai salla ibada ce, ba don atisaye ake yin ta ba, kuma nauyin da take ɗora wa tsoka bai kai wanda zai ƙara mata ƙarfi ba. Da ya kai, da masallatanmu ba su cika da kujerun roba a ƙarshen sahu ba.

To idan an ajiye batun aƙida, me yoga ta fi ƙwarewa a kai? Sassauta jikin da ya ƙage, koyar da tsayuwa da ƙafa ɗaya ba tangaɗi, da numfashi mai tsawo wanda ke kwantar da hankali. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin damuwa da rashin barci suna ƙara wa ciwon baya zafi. Ma'aikacin da ya wuni gaban kwamfuta, ya fito ya shiga cunkoson Ahmadu Bello Way, ya isa gida kafaɗunsa sun haɗe da kunnuwa, shi ne zai fi jin daɗinta. Tana ƙarfafa tsakiyar jiki, amma a kan hanya take yin hakan, ba shi ta sa gaba ba.

Haɗarinta yana wajen kwaikwayo. Matashiyar da ke cikin bidiyo ta shekara goma tana yi, ƙugunta a sake yake. Wanda ƙugunsa da bayan cinyarsa suka ƙage, idan ya dage sai ya taɓa yatsun ƙafa, kwankwaso ne zai lanƙwashe ya biya bashin. Tsayuwa a kan kai ba ta dace da mai hawan jini ko hawan jinin ido ko ciwon wuya ba. Masu ciwon wuyan hannu suna shan wahala da yawan dogarawa a tafin hannu. Salon Iyengar ya ɗan magance wannan, domin yana amfani da ɗamara da kujera da bango da matashi don kowa ya tsaya inda jikinsa ya kai. Akwai kuma wata iri da ake yi a ɗakin da aka ɗumama zuwa kusan digiri 40. Wannan kam, duk wanda ya kwana a ɗakin kwano a Kaduna cikin watan Afrilu ba wuta, ya riga ya yi ta kyauta, kuma mai juna biyu da mai ciwon zuciya su nisance ta.

Pilates da atisayen asibiti

Pilates sunan mutum ne. Joseph Pilates Bajamushe ne da aka haifa a 1883. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ritsa da shi a Ingila, aka tsare shi tare da sauran Jamusawa, har aka kai shi tsibirin Man, inda ya riƙa horar da 'yan'uwansa tsararru. A tsakiyar shekarun 1920 ya koma Amurka ya buɗe wurin horarwa a birnin New York, masu rawar dandamali da suka ji rauni suka zama manyan abokan cinikinsa. Ya rasu a 1967. Tsarinsa tun daga tushe a kan tsakiyar jiki aka gina shi: motsi kaɗan, a hankali, da lura, kowane motsi yana farawa daga ciki da ƙugu. Babu wani abu na bauta a cikinsa.

Iri biyu ne. Akwai na kan na'urar da ake kira Reformer, wani gado ne mai zamewa a kan dogo, da igiyoyi da sifirin masu ja. Na'urar tana da tsada, dole sai da malami a kusa, don haka kuɗin zama ɗaya ya fi na yawancin atisaye. Akwai kuma na ƙasa, wanda tabarma mai ɗan kauri ta ishe shi. Ga malamar firamare da albashinta, na biyun ne abin magana. In dai ƙarfin tsakiyar jiki kawai ake nema, a ganina Pilates ya fi yoga kai tsaye. Amma shi ma yana da nasa aibin: tsohon tsarinsa cike yake da ɗaga kai da naɗe baya a kwance, abin da bai dace da dattijuwar da ƙashinta ya fara rauni ba, ko wanda ciwonsa ke tashi idan ya duƙa.

Akwai kuma hanya ta uku da ba ta da kwalliya, ba a tallarta a Instagram, ita ce wadda likitocin fisiyo suka fi koyarwa. A 1996 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, Hodges da Richardson, suka nuna cewa a jikin mai lafiya tsokar nan mai kama da ɗamara tana ɗaurewa tun kafin hannu ya motsa, a jikin masu ciwon baya kuwa tana makara. Daga nan duniya ta ɗauki zancen tsakiyar jiki da zafi. Wani farfesa a Jami'ar Waterloo ta Kanada, Stuart McGill, ya yi suna da atisaye uku da ya tace, waɗanda ke sa tsoka aiki ba tare da an matsa wa ƙashin baya ba.

Na farko: a kwanta rigingine, ƙafa ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe, tafin hannu a ƙarƙashin kwankwaso, sai a ɗaga kai da kafaɗu kaɗan ƙwarai, kamar za a zare takarda daga ƙarƙashinsu. Na biyu: a kwanta a gefe, a dogara kan gwiwar hannu da gwiwoyin ƙafa, a ɗaga ƙugu har jiki ya miƙe. Na uku: a yi kamar za a yi rarrafe, a miƙa hannun dama gaba, ƙafar hagu baya, ba tare da ƙugu ya karkace ba, sannan a sauya. Kowanne ana riƙe shi kamar daƙiƙa 10, a huta, a maimaita 'yan lokuta. Da yawa suna ƙarawa da na huɗu: a kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, a ɗaga mazaunai sama kamar gada. Duka bai wuce minti 15 ba. Sharaɗin da ba a wasa da shi shi ne kada a riƙe numfashi, musamman mai hawan jini. Idan ba za ka iya ƙirgawa da baki kana yi ba, ka matsa da yawa.

McGill yana da wata shawara da ta shafe mu kai tsaye. Faya-fayan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna tsotsar ruwa cikin dare, shi ya sa mutum ya fi tsawo kaɗan da safe. A cewarsa, sa'ar farko bayan tashi daga barci ba lokacin duƙawa mai zurfi ba ne ga mai ciwon baya. Mu kuwa da an idar da asuba ne muke samun sarari. Mafita ita ce a fara da 'yar tafiya, ko zagaya tsakar gida, kafin a hau tabarma, a kuma bar taɓa yatsun ƙafa sai rana ta ɗaga.

Taici na Sinawa ne, asalinsa dabarun faɗa, yanzu ya zama motsi mai taushi a tsaye kamar mai iyo a iska. An fi saninsa da rage faɗuwar tsofaffi, kuma ba a sauka ƙasa, wanda ya dace da Baba ko Hajiya da tashi daga tabarma ke yi wa wuya. Matsalarsa koyo, yana son malami ido da ido. Atisaye cikin ruwa kuma babu kamarsa ga mai ƙiba da ciwon gwiwa, tunda ruwan da ya kai ƙugu yana ɗauke kusan rabin nauyin jiki, wanda ya kai wuya kuwa ya ɗauke kusan duka. Sai dai wuraren iyo a garin nan yawancinsu a otal suke, maza da mata a haɗe, ga kuɗin shiga. Kogin Kaduna kuwa ba wurin atisaye ba ne. Ko an manta da kadojin da garin ya samo sunansa daga gare su, akwai tsargiya, akwai igiyar ruwa da damina.

Me bincike ya nuna?

A nan ne na yi zaton zan samu zakara, sai na tarar an yi kunnen doki. Ciwon ƙasan baya shi ne kan gaba a duniya wajen hana mutane aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a 2020, kuma a kusan kashi 90 cikin 100 ba a iya nuna wani takamaiman abu a ce shi ne sanadi, kamar dai hoton Yaya. Saboda yawan nan an yi gwaje-gwaje masu ɗimbin yawa. A 2017 aka wallafa wani da aka yi a birnin Boston na Amurka da mutum 320, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi: wasu suka yi yoga mako 12, wasu suka je wajen likitan fisiyo. Sakamakon ya zo kusan ɗaya. A shekarar ce kuma ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta ba da shawarar a fara da motsa jiki, har da yoga da taici, kafin a kai ga ƙwayoyi idan ciwon ya daɗe. Bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta fitar a 2022 ta ce yoga ta ɗan fi a zauna ba a motsa jiki ba, amma tsakaninta da sauran atisayen baya bambancin kaɗan ne ko babu. Hatta atisayen tsokar ɗamara da aka yi ta yayatawa bayan 1996, da aka gwada shi da motsa jiki na gama-gari na tsawon lokaci, bai yi masa fintinkau ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na 2024 daga Ostireliya, da aka wallafa a mujallar Lancet. Mutum 701 ne da ba su daɗe da warkewa daga ciwon baya ba. Aka ɗora rabinsu a kan tsarin tafiyar ƙafa tare da shawarwarin likitan fisiyo, aka bar rabin. Masu tafiya sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su harka, sauran kuwa kwana 112. Tafiya kawai, irin wadda jama'a ke yi da sassafe a Dandalin Murtala ba tare da sun sayi tabarmar roba ba.

Tunda hanyoyin sun yi kusa da juna haka, zaɓin ya koma kan mutum: me ke damunsa, me jikinsa ke ƙi, wanne zai iya ci gaba da yi bayan ɗoki ya wuce. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Telan da ya wuni a duƙe kan keke a Kasuwar Barci, da direban da ke jigila daga tashar Kawo zuwa Kano, matsalarsu zama ne, don haka tashi a miƙe duk bayan rabin sa'a ko sa'a guda, da atisayen gada, da tafiya, sun fi musu duk wani darasi mai tsada. Wanda jikinsa ya ƙage ga rashin barci, yoga mai taushi ko miƙe-miƙe da numfashi. Wanda jikinsa a sake yake tun asali, gaɓoɓinsa suna wuce iyaka, ƙarin miƙewa ba zai amfane shi ba, ƙarfi yake buƙata, Pilates ko atisayen McGill. Wanda ya haura sittin, a sa tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango da tashi-zauna daga kujera a gaba.

Masu jego kuwa sai an ɗan tsaya a kansu, domin su aka fi cuta da shawarar banza. Lokacin goyon ciki, tsokar gaba tana buɗewa biyu daga tsakiya don ta ba jariri wuri. A wajen mata da yawa tana komawa cikin 'yan watanni, a wajen wasu kuma, musamman bayan haihuwa kusa-kusa, ratar tana zama. Ana iya dubawa a gida: a kwanta rigingine, a ɗaga kai kaɗan, a danna yatsu a saman cibiya. Idan yatsu biyu ko fiye suka nutse, ko tsakiyar cikin ya yi tsini ya taso, to kwanta-tashi da ɗaga ƙafafu biyu a lokaci guda ba nata ba ne tukuna. Da numfashi ake farawa, da tsuke tsokokin ƙasan mara kamar mai riƙe fitsari, a saki, a sake. Wani likitan mata Ba'amurke, Arnold Kegel, shi ya bayyana wannan atisaye a 1948, kuma har yau shi ne matakin farko ga macen da fitsari ke kufce mata idan ta yi tari ko atishawa, abin da mata da yawa ke ɓoyewa shekara da shekaru, ga shi yana dagula musu tsarki. Ɗaurin ciki da zane da ake yi bayan haihuwa yana ba da tallafi na ɗan lokaci, amma zane ba ya koya wa tsoka aiki. Arba'in ɗinmu ta yi kusan daidai da mako shidan da likitoci ke cewa a koma a duba mai jego. Wadda aka yi wa tiyata ta jira izinin likita kafin ta fara wani abu mai nauyi. Mai juna biyu kuma, idan ciki ya tsufa, ta guji daɗewa a kwance rigingine.

Sai maganar maigidan Yaya da turminsa. Yana da ɗan gaskiya: daka da jan ruwa a rijiya da ɗaukar kaya a ka suna sa tsakiyar jiki aiki sosai, kuma kakanninmu ba su wuni a kujera ba. Amma wanda ya zauna da tsofaffin ƙauye ya san yadda noma a duƙe, shara da gajeriyar tsintsiya, da wanki a sunkuye suke tanƙwara mutum tun bai tsufa ba. Aikin ƙarfi ba ya tambayar jiki ko ya gaji, ba a kuma ƙara shi sannu-sannu. Ƙara wa tsintsiya dogon mariƙi da ɗora bahon wanki a kan benci na iya yi wa kwankwaso abin da wata guda na atisaye bai yi ba.

Akwai ciwon bayan da ba na tabarma ba ne ko kaɗan. Idan ƙafa tana mutuwa ko tana rasa ƙarfi, idan tsakanin cinyoyi ya dushe ba a jin taɓawa, idan fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko ya riƙa zubowa ba sani, wannan na gaggawa ne, a nufi asibiti a ranar. Haka ciwon da ya zo da zazzaɓi, zufar dare da rama, domin a ƙasarmu tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma ana iya shafe watanni ana shafa man zafi yana cin ƙashi. Haka wanda ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin mota, da na mai sikila, da na wanda aka taɓa yi wa maganin daji. Mai ƙaba ko gwaiwa ma ya ga likita kafin ya fara matsa ciki. Manyan asibitoci irin su Barau Dikko da na sojoji na 44 da na Shika suna da sashen fisiyo, kuma ko zuwa biyu ko uku aka yi aka koyi yadda ake yi daidai, sauran a gida ne. Wanda ya yi kwas na mako biyu a intanet ya buga riga da sunansa ba likitan fisiyo ba ne, su waɗannan digiri suke yi, da rajista da hukumar da ke kula da sana'arsu.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi ita ce minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Yoga mai taushi ko Pilates kaɗai ba sa cika kason farko, tunda ba sa sa zuciya bugawa sosai, don haka ko wanne aka zaɓa, tafiya tana nan a matsayin abokiyar tafiya. Da bazara a yi da sanyin safiya ko bayan la'asar. Da hunturu mai asma ya bar ƙura ta lafa, ko ya yi a ɗaki. Da azumi, bayan an sha ruwa abinci ya ɗan faɗa. Bidiyo kuma a sauke guda ɗaya mai kyau a waya, a bi shi wata guda, ya fi a riƙa ƙona data ana tsalle daga wannan malama zuwa waccan.

Yaya dai ba ta yi yogar ba. Ta ce ko da halal ce, ba za ta iya da bakin maƙwabciyarta ba. Ta je fisiyo sau uku, aka tarar da ratar yatsu biyu a cikinta, aka cire mata na farko cikin atisaye ukun, aka ba ta numfashi da gada a madadinsa. Yanzu tana yi a ɗakinta bayan la'asar, ranar Litinin da Laraba da Asabar, a kan tsohon bargo ninki biyu. Idan an tashi daga makaranta tana sauka daga Keke tun kafin a kai layinsu, ta ƙarasa da ƙafa. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, yakan leƙo ranar da ta yi wankin yara. Shekaranjiya ta kira ni tana mita wai ɓangaren hagu ya fi na dama wuya, ƙugunta sai rawa yake yi kafin ta ƙirga takwas, kuma autarta ta gano cewa lokacin rarrafe ne ya fi daɗin hawa bayan Mama.